Siririyar laftop: abin da nake dubawa kafin in ce wa mutum ya biya

Wata Asabar cikin Afrilu, lokacin da zafin Birnin Kebbi ke hana kare fitowa daga ƙarƙashin mota, wani yaro ɗan Jega da ke karatu a jami'ar Aliero ya shigo shagona riƙe da laftop da yatsu uku, kamar wanda ya ɗauko faifai. Kyakkyawa ce, ruwan azurfa, kaurinta bai kai na littafin rasit ɗina ba. Bayan mun gaisa ya ce, "Malam, wagga na saya satin da ya wuce. In na buɗe abu ukku sai ta tsaya tana tunani. So nike a ƙara mata ram."

Na kifa ta a kan tebur, na kwance notuna, na sa farce na ɓalle murfin. Batir ya cinye rabin cikin. Sauran wurin wani ɗan bod ne, wato allon da kayan injin ke manne a kai, da bai fi tafin hannuna ba, kuma babu ramin da ake soka ram a jikinsa, ram ɗin da kwamfuta ke riƙe abubuwan da ka buɗe kana aiki a kansu. Gig 4 ɗin da take da shi an liƙe shi da dalma tun daga masana'anta. Ma'ajiyarta ma haka, gig 64 na irin da ake kira eMMC, dangin wanda ke cikin ƙananan wayoyi. Na ce masa, "Ƙanena, yadda aka haife ta haka za ta tsufa, babu abin da zan iya ƙara mata." Ya zauna a benci ya yi tagumi. Can ya ce buhunan shanshera mahaifinsa ya sayar aka haɗa kuɗin.

Ni ba maƙiyin siraran kwamfutoci ba ne. Wadda nake wannan rubutu da ita ma siririya ce, kuma ba na jin zan koma ɗaukar ƙatuwa. Abin da na gani a shekarun da na yi ina buɗe cikinsu shi ne, don a matse inji ya koma kamar faranti dole an cire masa wani abu: ramin ram, ko babbar fanka, ko kafofin soka filash, ko batirin da ake zarewa da hannu. Aikinka kafin ka biya shi ne ka san me aka cire, sannan ka auna ko rashinsa zai dame ka. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Shi yaron Jega bai san rariya aka ba shi ba.

Yayin nan ya samo asali ne a Janairun 2008, ranar da Steve Jobs ya zaro MacBook Air ta farko daga cikin ambulan ɗin takarda a gaban jama'a a San Faransisko. A 2011 kamfanin Intel ya fito da sunan Ultrabook don masu ƙera kwamfutocin Windows su bi sahu. Yau sun kasu gida biyu. Akwai na gaske masu tsada, irin su MacBook Air, Dell XPS 13, ThinkPad X1 Carbon da LG Gram. Akwai kuma masu araha da suka ari rigar kawai, ciki kuwa fanko. A cikin gilashin shago ba ka bambanta su, nan ne ake wa rogo kallon kitse.

A ina za ta wuni?

Tambayar farko ke nan da nake wa duk wanda ya zo neman shawara. In a kan tebur za ta wuni, a ofis ko shagon buga takardu ko cikin ɗaki, to kuɗin siranta asara ne, don tebur ba ya gajiya. MacBook Air mai injin M1 na Apple kilo 1.29 ce. Gama-garin laftop masu inci 15.6 kan kai kilo biyu ko su ɗara, ga cajarsu mai kama da bulo. In ka haɗa lissafi, bambancin bai wuce nauyin ledar fiya wata biyu ba. Ga mai zama wuri ɗaya wannan ba komai ba ne. Amma ina da wani abokin ciniki da ke yawon rajistar manoman shinkafa a fadamun Argungu da Suru, daga mota zuwa kabu-kabu, wani lokaci har kwalekwale, jaka a baya tun hantsi har la'asar sakaliya. Shi kam ledojin nan biyu yana jin su a kafaɗa da daddare. Irinsa aka yi wa siririya, shi da malamin da ke zagaya azuzuwa da ɗan kasuwar da kullum yana hanyar Kamba ko Sakkwato. Ka ƙirga kwana nawa a mako za ka rataya ta. In ba su kai uku ba, ka zuba kuɗin a ƙarfin inji.

Ram da ma'ajiya

A tsofaffin laftop, mutum kan sayi mai gig 4, in ya samu kuɗi bayan girbi ya kawo a ƙara masa. Wannan ƙofar a rufe take a yawancin sirara. MacBook Air da XPS 13 da X1 Carbon duk ram ɗinsu a liƙe yake, abin da ka saya da shi za ka zauna. Gig 8 shi ne mafi ƙaranci da zan yarda wani nawa ya saya yau, shi ma don rubutu da Excel da intanet da kallo. In da hali, 16. In aka ce ka zaɓa tsakanin mai injin i7 da ram gig 8 da mai injin i5 da ram gig 16 na zamani ɗaya a kuɗi ɗaya, ɗauki ta biyun ka kama gabanka. Chrome kaɗai, in ka buɗe shafuka goma sha, ga WhatsApp ga Word, gig 4 ya tafi.

Ma'ajiya kuwa, nemi SSD, wato irin ma'ajiya mai sauri, daga gig 256 zuwa sama. In ka ga eMMC, ko ka ga gig 32 ko 64, ajiye ta ka yi godiya. Windows 11 da kansa gig 64 ne mafi ƙarancin wurin da yake nema, to ina za ka sa kayanka? Sannan ka tambaya ko SSD ɗin ana zare shi. Na X1 Carbon ana zarewa, noti ɗaya ke riƙe da shi. Na MacBook Air daga 2018 zuwa yau a liƙe yake. Mutane ba sa ɗaukar wannan da muhimmanci sai ranar tsautsayi. Wata Hajiya malamar makaranta ta taɓa zuwa min hankali a tashe, autanta ya tuntsurar da kofin shayi a kan kwamfutarta saura kwana huɗu ta miƙa kundin digirinta na biyu. Bod ya ƙone, ko fitila ba ta kawowa. Na buɗe, na tarar SSD ɗin irin na zarewa ne, ɗan siriri kamar cingam. Na zare shi na sa a ɗan akwatinsa na jona a tawa, cikin minti goma ga babi biyar ɗinta lafiya lau. Ta daɗe tana sa albarka. Da liƙaƙƙe ne, sai dai a aika bod ɗin Legas a yi ta addu'a. Duk mai siririyar da ma'ajiyarta ke liƙe, ya riƙa kwafe muhimman takardunsa a Google Drive ko a filash duk ƙarshen mako.

Akwai masu tsaka-tsaki da nake yawan nuna wa ɗalibai: HP EliteBook 840 G5 ko G6, ThinkPad T480, Dell Latitude 7490. Nauyinsu kilo ɗaya da rabi ne ko kusa da haka, ba su kai faranti ba amma ba sa karya kafaɗa, kuma suna da ramin ram. Ita T480 ma tana da batirin waje da ake zarewa da hannu bayan na ciki. Na hannu ne yawancinsu, waɗanda ofisoshin Turai da Amurka suka sauke, kuma kayan gyaransu ba sa wahalar samu.

Kada sitika ta yi maka ciniki

"Core i7 ce, Alhaji!" Da wannan kalmar aka fi cin kuɗin mutane. Sunan i5 ko i7 shi kaɗai ba ya gaya maka komai sai ka ga lambar da ke biye da shi. A i7-6600U, lambar farko 6 tana nufin zubi na shida, wato zamanin da aka ƙera injin. A i5-8250U, zubi na takwas ne. Na farkon ƙwaƙwalwa biyu gare shi, na biyun huɗu, saboda haka i5 ɗin nan ya fi wancan i7 ɗin aiki nesa ba kusa ba. Daga zubi na goma zuwa sama lambobi biyun farko ake karantawa, kamar 10210U ko 1135G7. Harafin ƙarshe ma yana magana: U shi ne na sirara, mai cin wuta kaɗan, wajen watt 15. Y ya fi shi tsumulmula kuma ya fi shi sanyin jiki. H na manya ne masu watt 45, ba kasafai kake samunsa a siririya ba. Celeron irin N4020 kuwa, in ba buga wasiƙa kaɗai za ka yi ba, bar shi.

Zubi na takwas nake sa wa a matsayin iyaka saboda Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, shi kuma Windows 11 a ƙa'ida daga zubi na takwas yake karɓa a ɓangaren Intel, ban da 'yan ƙalilan. Yara suna da dabarar cusa shi a tsofaffi, ni ma na iya, amma ba zan sa ka ba da kuɗin sabuwar rayuwa a kan dabara ba. Ka kuma lura, T480 da 840 G5 da 7490 da na ambata akwai waɗanda suka zo da zubi na bakwai a cikinsu, sunan kaɗai bai isa ba.

Duba da kanka. Kunna ta, danna Ctrl da Shift da Esc a tare, ka shiga Performance. A CPU za ka ga cikakken sunan injin. A Memory za ka ga yawan ram, kuma a ƙasa inda aka rubuta Form factor, in ka ga SODIMM to na ciro ne, in ka ga Row of chips to liƙaƙƙe ne. A Disk za ka ga irin ma'ajiyar. Sitikar da ke kusa da kibod ana sayar da irinta a kasuwa.

Zafinmu da ƙurarmu

Nan ne masu yi wa kwamfuta sharhi a YouTube ba za su taimake ka ba, don su a ɗaki mai sanyi suke gwaji. Apple da kanta ta rubuta cewa a yi amfani da kwamfutocinta a yanayin da ke tsakanin digiri 10 zuwa 35. Mu nan daga Maris zuwa Mayu muna haura 40, ga shi an ɗauke wuta ko fankar sama ba ta juyawa. Inji in ya ji zafi yakan rage gudu da kansa don kada ya ƙone, kuma siririya ta fi saurin kaiwa wannan matakin tunda wurin shaƙar iskarta kaɗan ne. Shi ya sa za ka ji mutum ya ce da safe tana gudu, da azahar tana rarrafe. Ba ciwo ba ne, kare kanta take yi.

Sirara iri biyu ne ta wannan fuskar. Masu fanka suna zuƙar iska, su zuƙo ƙurar hunturu tare da ita. Duk Fabrairu yarona na shago yana da aikin yi: a buɗe, a tarar da ƙura ta dunƙule a bakin fanka kamar audugar katifa, har a kama ta da hantsaki a zaro ta ɗungurungum. In kana da irin wannan, ka kawo a share sau ɗaya a shekara bayan hunturu. Marasa fanka, irin MacBook Air daga M1 na 2020 zuwa sama, ba sa ƙara kuma ba sa shan ƙura, wanda a wurinmu ba ƙaramar falala ba ce. Sai dai in ka ɗora musu aiki mai nauyi na dogon lokaci, kamar haɗa bidiyon biki na awa biyu, za su ɗumama su rage gudu.

Gwajin da nake yi mai sauƙi ne. A jona caja, a kunna bidiyo a YouTube, a buɗe shafuka da yawa, a bar ta minti ashirin. Sannan in sa tafin hannu a ƙarƙashinta da saman kibod. Ɗumi ba laifi ba ne. In ta kai ba ka iya barin hannu, ko fanka tana kuka kamar injin markaɗe, ko ta mutu da kanta, ciniki ya ƙare. In ka saya kuma, don Allah kada ka ɗora ta a kan katifa ko filo ko darduma, ta ƙasa yawancinsu ke numfashi. Ko faifai ka samu ka sa mata. Kada kuma ka bar ta cikin mota a rana, ko cikin but ɗin mashin.

Batir da caja

Batirin siririya a ciki yake, sai an kwance. A ta hannu shi ne abin da ya fi gajiya, kuma shi ne abin da mai sayarwa ya fi rantsuwa a kansa. Bar rantsuwa, ga yadda za ka gani. A Windows rubuta cmd a wurin bincike ka buɗe shi, rubuta powercfg /batteryreport ka danna Enter. Zai nuna maka inda ya ajiye rahoton, ka buɗe. Lambobi biyu kake nema: Design capacity, wato abin da batirin ke ɗauka yana sabo, da Full charge capacity, abin da yake ɗauka yanzu. A ce na farko 50,000 ne na biyu 31,000, to kashi 62 cikin ɗari ya rage masa. Ni in ya gaza kashi 70, sai in ce a cire kuɗin sabon batir daga farashi. A Mac shiga System Information, sashen Power, ka duba Cycle Count. Apple ta ce batiran nata an yi su ne su riƙe kashi 80 har zagayen caji 1,000, saboda haka mai 200 yaro ne, mai 900 ya kusa ritaya.

Ka kuma ajiye ta a kan tebur mai santsi ka kalle ta ta gefe. In tana rawa, ko wurin shafa yatsa ya ɗago, ko murfin ƙasa ya yi tozo, batir ya kumbura. Wannan ba abin a lallaɓa ba ne, yana iya kamawa da wuta. Awannin da kamfanoni ke rubutawa kuma, kamar awa 18 da aka ce na MacBook Air M1, a kallon bidiyo da haske a rage aka auna su. Kai da za ka ƙure haske ka jona intanet ɗin waya, ka yi lissafi da ƙasa da haka sosai, musamman a ta hannu.

Yanzu ga inda siririya ta ci tuta a garinmu. Yawancinsu ta kafar USB-C suke caji, kuma cinsu kaɗan ne. Cajar MacBook Air M1 watt 30 ce kacal, na Windows kuma 45 ko 65. Ke nan ƙaramar sola ko inbata tana riƙe su ba tare da kuka ba, har ma fawa bank. Fawa bank mai 20,000mAh yana ɗauke da wajen 74Wh, batirin Air ɗin nan kuwa 49.9Wh ne, saboda haka ko an cire abin da ke salwanta a hanya zai cika ta sau ɗaya. Mutumin nan na fadamun Argungu da haka yake kwana biyu a ƙauye bai nemi janareta ba. Sharaɗin shi ne fawa bank ɗin ya zama mai PD, wato tsarin caji mai ƙarfi ta USB-C, da ke fitar da watt 45 ko 65. Na waya na gama-gari ba zai yi ba. Kuma ba kowace kafar USB-C ce ke karɓar caji ba, a masu araha wata don filash kawai aka yi ta. Jona a gabanka ka ga alamar caji ta fito.

Caja kuwa, nemi ta asali. Rabin bod ɗin da ke mutuwa a hannuna, in na bi sawu, jabun caja ce da wutar janareta mai hawa da sauka. A siririya komai a bod ɗaya yake, in ya tafi ya tafi da ram da komai.

Kafofi, gilashi, kibod

Kafin ka fita daga gida, jera duk abin da kake sokawa a kwamfuta: filash, linzami, firinta, wayar majigi. MacBook Air M1 kafofin USB-C biyu gare ta sai ramin iyafis, in caja ta ɗauki ɗaya saura ɗaya. X1 Carbon ta fi ta kirki a nan, tana da babbar kafar USB da HDMI. Ba sau ɗaya ba an aiko min ɗan kabu-kabu a guje daga wurin taro, mai gabatar da ƙasida ya tsaya a gaban jama'a, majigin HDMI ko VGA yake so, kwamfutarsa kuwa ba ta da ko ɗaya. Maganin shi ne ɗan akwatin nan mai tara kafofi da ake jonawa a USB-C. Ka sa kuɗinsa cikin lissafi tun farko, ka kuma bar shi cikin jaka kullum.

Gilashi ya zama 1920 da 1080, irin IPS wanda in ka kalle shi ta gefe launi ba ya juyewa. Mai 1366 da 768 zamaninsa ya wuce. In a waje kake aiki, fita da ita ƙofar shago ka ƙure haske ka gani ko rubutu na karantuwa, wannan ya fi duk wata lamba. Buɗe farin shafi da baƙi ka nemi ɗigo ko tabo. Abin da ya kamata ka sani shi ne gilashin sirara da yawa, musamman MacBook da masu taɓawa, haɗe yake da murfin gaba ɗaya. In ya fashe duka ake canzawa, sai an aika Kano ko Kwamfuta Bilej ta Ikeja, wani lokaci a jira makonni, kuɗin kuma ya kusa sa ka haƙura da ita. Kafin ka biya, kira mai gyaran da ka yarda da shi ka faɗa masa sunanta da lambarta, ka ce, "Ana samun gilashinta da batirinta?" In ya yi jim kafin ya amsa, ka ji amsa. Buɗe murfin ka rufe sau biyar kana sauraro, hinji mai ƙara ko mai ɗaga roba ya kusa karyewa. Jaka mai soso kuma dole ce, don siririya ba ta jure a danne ta da littattafai ko a zauna mata a mota.

Kibod sai ka buɗe Notepad ka danna kowane maɓalli ɗaya bayan ɗaya, kada ka ji kunyar ɓata wa mai shago lokaci. MacBook na tsakanin 2015 da 2019, har da Air na 2018 da 2019, sun zo da wani siririn kibod da ƙwayar ƙura ɗaya ke iya maƙale masa harafi, har kamfanin ya watsar da shi ya koma tsohon salo. A ƙasar hunturu ba na ba kowa shawararsu. Wani abu kuma da ya shafe mu mutanen bakin iyaka: kwamfutocin da ke shigowa ta Nijar da Benin sau da yawa kibod ɗin Faransa gare su, A a mazaunin Q, Z a mazaunin W. Ana iya sauya tsarin a ciki, amma abin da ke rubuce a maɓallan yana nan, sai ka manna sitika. Ba aibi ba ne babba, dalilin neman ragi ne.

Makulli da manhaja

Ta hannu tana iya zuwa a kulle ba ka sani ba. Mac mai iCloud ɗin wani a ciki, ranar da ka goge ta za ta nemi kalmar sirrin tsohon mai ita, daga nan ta zama tire. Wasu na Windows kuma suna da kalmar sirri a BIOS, wato saitin da ke zuwa kafin Windows ya tashi, ko suna rajiste da kamfanin da ya yi amfani da su a waje, da an jona intanet sai sunansa ya fito. Ka sa mai shago ya goge ta gaba ɗaya a gabanka, ka kunna masa intanet ɗin wayarka, a saita ta daga farko har ka shiga da naka asusun. A rubuta maka rasit mai ɗauke da lambar jikinta da kwanakin gwaji, ko da mako ɗaya ne. Wadda aka kawo maka da daddare a rabin kuɗi babu caja, ka san ko ta mece ce.

Ɗalibai kuma su tambayi sashensu kafin su saya. 'Yan safiyo da zanen gine-gine, irin na kwalejin Waziri Umaru, suna aiki da manhajoji kamar ArcGIS Pro da Revit waɗanda na Windows ne kaɗai, kuma Mac mai M1 zuwa sama ba a raba ta a sa mata Windows yadda ake yi wa tsofaffin. Irin wannan aikin ma, shi da manyan wasanni, ya fi son inji mai katin hoto na daban, abin da sirara ba su cika zuwa da shi ba.

Lissafin kuɗi

Ba zan faɗi farashi ba, don kafin ka gama karantawa dala ta motsa. Yadda nake lissafi dai shi ne: kuɗin kwamfuta, a ƙara na akwatin kafofi, da jaka, da caja ta asali in babu, da sabon batir in rahoto ya nuna ya gaji. Abin da ya fito a raba shi da shekarun da kake ganin za ta yi maka. Sabuwa mai Celeron da gig 4 tana da araha a baki, amma shekara ɗaya za ka fara tsaki, kuma ranar sayarwa ba mai taya ta. EliteBook ko ThinkPad ta hannu mai zubi na takwas sau da yawa kuɗinsu ba su yi nisa da nata ba, su kuwa ana ƙara musu ram a canza musu SSD. MacBook Air M1 ta fi su tsada, ta fi su riƙe caji, kuma tana riƙe darajarta in za ka sayar, amma ranar da ta faɗi ƙasa za ka san ka sayi abin masu kuɗi. Ni tawa X1 Carbon ce ta hannu mai gig 16, na zaɓe ta saboda HDMI da SSD na zarewa, na kuma shiga da sanin cewa ram ɗinta ba zai ƙaru ba.

Yaron Jega ya lallaɓa da tasa har zangon karatu ya ƙare. Mun cire mata tarkacen manhajoji, mun sa mata katin memori don takardu. Bayan girbi ya dawo tare da mahaifinsa, dattijo mai rawani, aka ba da ita da ciko aka ɗauki wata mai kilo ɗaya da rabi, zubi na takwas, gig 8. Dattijon ya ɗaga ta da hannu biyu ya jinjina, ya ce, "Malam, wagga ta fi waccan nauyi, kuma ga ta tsohuwa, mi ya sa ta fi kuɗi?" Na kwance murfin na nuna masa ramin ram na biyu da ke zaune babu kowa. Satin da ya wuce yaron ya kawo a cike ramin, yarona ne ma ya sa masa, kafin ya dawo daga sayen fura an ɗaure notuna.